Yaushe Ake Canza Taimin Bel Ɗin Mota?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Na sayi Honda Accord ƙirar 2005 mai silinda shida, 'yar Kwatano, wata huɗu da suka wuce. Mitarta tana nuna 128,000. Injin lafiyarsa ƙalau, ba ƙara, ba hayaƙi, ba ya shan baƙin mai. Da na kai ta sabis, bakanike ya ce lallai in canza taimin bel har da famfon ruwa. Wani kuma da na tambaya ya ce kada in taɓa tunda bai fara kuka ba, wai idan ya kusa tsinkewa zan ji alama. Ina zaune a Sakkwato, kuma ina yawan bin hanyar Gusau zuwa Zariya. Maganar wa zan ɗauka? Kuma ta yaya mutum zai san lokacin canjin ya yi?"

Wa'alaikumus salam, Malam. Tambayarka gida biyu ce: shawarar da za ka bi a kan wannan motar, da kuma ƙa'idar da ake gane lokacin canji da ita a kowace mota. Ta farkon amsarta gajeriya ce. Bakaniken farko ne ya faɗa maka gaskiya, ka canza, kuma ka yi hakan kafin tafiyarka ta gaba zuwa Zariya. Na biyun ina kyautata zaton fanbel ne a ransa. Fanbel, wanda kake gani a fili idan ka ɗaga bonet yana juya altaneto da injin sanyi, shi ne mai kuka idan ya saki ko ya tsufa. Taimin bel yana ɓoye a bayan murfi, haƙora gare shi, ba ya zamewa balle ya yi ƙara, kuma abin da muka saba gani a gareji shi ne motar da bel ɗinta ya tsinke, mai ita ya rantse maka minti ɗaya kafin nan injin lafiya lau yake aiki. Da lissafi ake canza shi, na kilomita da na shekaru, duk wanda ya riga cika.

Aikin da yake yi a cikin inji

Akwai sanduna biyu a inji da dole tafiyarsu ta zo ɗaya. Na ƙasa shi ne karanshaf, wanda fistin suke juyawa. Na sama shi ne kamshaf, mai buɗe bawul ɗin da ke shigar da iska da mai, da waɗanda ke fitar da hayaƙi. Duk juyi biyu na karanshaf, juyi ɗaya kamshaf yake yi, ba ƙari ba ragi, kuma haƙoran taimin bel ne suke riƙe da wannan lissafi. Injinka, wanda Honda take kira J30, kamshaf biyu gare shi, ɗaya a kan kowane layi na silinda uku, da bawul 24, kuma bel ɗaya tak yake tafiyar da su duka, ya biya ta kan famfon ruwa ya juya shi ma. Idan allurar inji tana kan 3,000, karanshaf yana juyawa sau 50 a daƙiƙa guda. A wannan gudun, daga tsinkewar bel zuwa ɓarna ba a kai ƙiftawar ido ba.

Girman ɓarnar ya danganta da ƙirar injin. Akwai injunan da ko bawul ya tsaya a buɗe fistin ba ya kaiwa gare shi. Camry mai injin 2.2, wato 5S-FE, wadda aka yi har zuwa 2001, tana cikinsu: bel ya tsinke, mota ta mutu, a jawo ta, a sa sabo, a ci gaba da tafiya. Daga irin waɗannan motocin ne wasu suka samo al'adar "bar shi sai ya tsinke". Akwai kuma injunan da bawul da fistin wuri ɗaya suke amfani da shi a cikin silinda, kowa da lokacinsa, bel ne kawai ya hana su haɗuwa. Naka yana cikin waɗannan. Bel yana tsinkewa kamshaf zai tsaya cak da wasu bawul a buɗe, fistin kuwa suna ci gaba da hawa da sauka saboda tayoyi suna jan inji. Sai su doki bawul su lanƙwasa su. Mafi sauƙin abin da zai biyo baya shi ne a sauke tof biyu, wato kawunan injin inda bawul suke, a sayi bawul da gasket, a kai wurin masu injin gyaran tof. Idan abin ya zo da ƙarar kwana, fistin ya fashe ko tof ya tsage, sai dai a nemi wani injin, wanda shi ma ba ka san shekarun bel ɗinsa ba.

Kilomita da shekaru

Littafin Honda na wannan injin ya ce a canza a mil 105,000, kimanin kilomita 168,000, ko shekara 7, duk wanda ya fara zuwa. A nan akwai abu biyu da mutane suke tsallakewa. Na farko, mitar motar da ta fito daga Amurka da mil take ƙirga. Duba agogon gudunka, idan manyan lambobin na mph ne, to 128,000 ɗin nan taka mil ce, wato wajen kilomita 206,000, ka riga ka wuce iyaka da nisa idan ba a taɓa canzawa ba. Ko da a ce kilomita ce, kamar ta Kanada, shekarun sun kama ka, domin motar 2005 ta ninka shekara 7 fiye da sau biyu.

Na biyu shi ne sharaɗin zafi. Littafin ya ƙara da cewa wanda yake yawan tuƙi a inda zafi ya wuce digiri 43, ya sauko da canjin zuwa mil 60,000, wato kilomita 100,000. Mutumin Amurka zai karanta wannan layin ya wuce, sai fa mazauna hamadarsu. Kai da ke Sakkwato da kai ake. A watannin Afrilu da Mayu, Sakkwato da Maiduguri da Nguru da Birnin Ƙonni da Agadas duk suna taɓa wannan zafin, kuma wannan na iskar waje ne, ba na ƙarƙashin bonet ba a cikin cunkoso da injin sanyi a kunne. Don haka ga mai irin motarka a ƙasar Hausa, lambar da nake ba mutane ita ce kilomita 100,000 ko shekara 5. Kilomitar ta Honda ce, shekara biyar ɗin kuwa ra'ayina ne, na rage ne saboda zafi da ƙura da kuma rashin tabbas a kan ingancin kayan da ke kasuwa.

Dalilin da ya sa shekaru suke shiga lissafi shi ne abin da aka yi bel ɗin da shi. Roba ce, a cikinta an jera zaruruwan gilas masu ɗaukar nauyin ja, a fuskar haƙoran kuma an shimfiɗa yadin nailan. Roba tana bushewa ko ana tuƙi ko ba a yi. Motar hajiya da ba ta wuce kasuwa da gidan biki, wadda a shekara goma ba ta yi kilomita 40,000 ba, bel ɗinta ya isa canji tsaf. Haka kuma mita ba ta ƙirga lokacin da inji yake aiki mota tana tsaye. Direban da yake barin inji a kunne awa biyu yana jiran maigida a cikin sanyi, bel ɗinsa yana ta zagaye, mita kuwa ko motsi.

Motar da ba a san tarihinta ba

Matsalar motar hannu ita ce ba ka san abin da mai ita na farko ya yi ba, kuma lambar mita ba abin rantsuwa ba ce, domin ana mayar da ita baya kafin mota ta iso hannun mai saye. Abin da za ka fara yi shi ne neman shaida. Garejin Turai da Amurka sukan manna 'yar takarda a kan murfin bel, ko a cikin bonet, ko a jikin ƙofar direba, ɗauke da ranar canji da lambar mita. Duba aljihun gaban mota ma, wani lokaci rasit yana nan. Idan ka samu, ka ƙirga daga ranar. Idan ba ka samu ba, ka ɗauka ba a canza ba. Maganar dillali cewa "an yi mata komai" ba shaida ba ce.

Ana iya kwance murfin sama, 'yan kusoshi ne masu lamba 10, a leƙa bel ɗin, kuma yana da kyau a yi. Sai dai ka san iyakar abin da ido zai gaya maka. Idan aka ga bayansa ya tsattsage, ko ya yi sheƙi kamar an goge shi, ko gefensa yana fitar da zare, ko akwai tsaga a gindin haƙora, ko ya jiƙe da mai, to magana ta ƙare, kada motar ta ƙara yin doguwar tafiya. Amma idan aka gan shi sumul, wannan bai wanke shi ba. Zaruruwan da ke ciki suna gajiya ba tare da waje ya nuna ba, kuma bel na zamani yakan yi kyan gani har zuwa ranar da haƙora biyar ko shida za su zube a lokaci ɗaya a kan fulin karanshaf, wato faifan da bel yake hawa. Wannan zubewar haƙoran ma ta fi tsinkewar bel ɗin kansa yawa a tsofaffin bel, kuma ta fi faruwa lokacin tayar da mota da safe, sa'ad da ja ya fi tsanani. Ɓarnarsu ɗaya ce.

Akwai alamun da ake ji, amma yawanci ba na bel ɗin kansa ba ne, na abokan aikinsa ne. Ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa daga gefen murfin da sanyin safiya, wadda take ɓacewa idan inji ya ɗumama, a injunan Honda masu silinda shida galibi tenshina ce, wadda ke riƙe bel a ɗaure, ta zubar da manta. Gurnani ko ƙugi mai bin gudun inji, boris ɗin fuli ne ko na famfon ruwa. Ruwan lagireto da ke raguwa ba a ga inda yake zuba ba, sai ɗan busasshen fari ko kore a ƙasan murfin, famfon ruwa ne ya fara yoyo. Baƙin mai a gindin murfin, sil ɗin karanshaf ne ko na kamshaf, wato robar da ke hana mai fita. Mota ta rage ƙarfi farat ɗaya, tana wahalar tashi, tana rawa, fitilar inji ta kama, mai yiwuwa bel ya tsallake haƙori ɗaya. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta bayyana, ba a jiran cikar kilomita. Baƙin mai kuwa mugun abokin gabar bel ne, yana kumbura robar ya sa haƙora su yi laushi, kuma bel ɗin da mai ya jiƙa ba a wanke shi a mayar, ko wata uku ya yi.

Abin da ake canzawa tare da shi

Shawarar da aka ba ka ta haɗawa da famfon ruwa ba neman kuɗi ba ne. A injinka bel ne yake juya famfon, kuma ba a kaiwa gare shi sai an cire bel. Idan boris ɗinsa ya ci, ya tsaya, zai yanke sabon bel kamar yadda zai yanke tsoho. Idan kuma yoyo kawai ya fara bayan wata shida, za ka sake biyan kuɗin aikin gaba ɗaya, domin duk abin da aka kwance sai an sake kwance shi. Haka lissafin yake a kan sauran. Cikakken aiki a wannan injin ya ƙunshi bel, da famfon ruwa da robarsa, da fulin da ke danna bel, da ɗaya fulin da ke shiryar da shi, da tenshinar da ke aiki da mai, sannan sabon ruwan sanyaya inji. Sil ɗin karanshaf da na kamshaf biyu ana duba su, idan akwai ko ɗan dausayi a canza. A motar da ta kai shekarun taka ni dai canza su nake sa a yi. Fanbel ma tunda dole a cire shi, lokacinsa ke nan idan ya tsufa.

Da yawan "bel ya tsinke" da ake kawowa, idan aka buɗe sai a tarar bel ɗin sabo ne, fuli ne ya watse. An sayi bel kaɗai don a rage kuɗi, aka ɗora shi a kan boris mai kilomita dubu ɗari biyu. Gwajin fuli ba wuya: a juya shi da hannu, idan ya yi ta gudu yana shuu kamar ba komai a ciki, man gris ɗinsa ya ƙare, mai lafiya yana juyawa da ɗan nauyi, shiru, ba ya girgiɗi. Amma ko ya ci gwajin, tambayar ita ce ko zai ƙara wasu kilomita 100,000, kuma ba mai iya lamunce maka wannan.

A wajen saye ne ake yawan faɗawa rami. Kamfanonin da aka sani da bel mai kyau su ne Mitsuboshi da Gates da Continental da Dayco da Bando. A famfon ruwa Aisin, a boris kuwa Koyo da NSK da NTN da INA. Sai dai duk sunan da ya yi fice ana buga jabunsa, kwali da tambari da komai. Ka sayi kaya wurin wanda ka sani kuma zai karɓa idan an sami matsala, ka tafi da lambar inji da lambar jikin mota, kada ka ce "na Accord" kawai, domin mai silinda huɗu ta shekarar ma sarƙa gare ta. A ƙirga haƙoran sabon a gwada da na tsohon, a gwada faɗinsu. Idan farashi ya yi araha ƙwarai har ka ji daɗi, ka yi shakka. Kada ka yarda mai shago ya naɗe bel ya lanƙwasa shi sosai don ya nuna maka ƙarfinsa, zaruruwan gilas ɗin karyewa suke a wurin lanƙwasar, kuma nan zai tsinke daga baya. Bel na hannu, wanda aka ciro daga injin Beljiyam, ko kyauta aka ba ka kada ka sa. Famfon ruwa da tenshina ma haka.

Ranar da za a yi aikin

Aiki ne na kusan rabin yini a hannun wanda ya saba, kuma a inji mai sanyi ake yin sa. Ba sai ka iya da kanka ba, amma yana da kyau ka san abin da ya kamata ka gani. Za a cire kan batir, a cire tayar gaba ta gefen bel da robar da ke bayanta, a tallafi inji daga ƙasa da jak da katako domin sai an kwance injin sit na wannan gefen. Kusar fulin karanshaf a Honda ta shahara da tauri. Akwai ƙarfe na musamman da ake riƙe fulin da shi a kwance ta. Dabarar dogara sufana a jikin mota a buga kik tana iya karya abu, kuma sa wuta a kan kusar yana ƙona sil da robar fulin.

Kafin a cire tsohon bel, sai an juya inji da hannu har alamomin taimin sun zo daidai: ɗaya a karanshaf, ɗaya a kowane kamshaf, kowace tana fuskantar tata alamar a jikin inji. Da waɗannan alamomin na kamfani ake aiki. Fentin da bakanike zai ɗiga taimako ne kawai, domin idan tsohon bel ya riga ya tsallake haƙori, fentin kuskuren zai kwafa. Bayan an cire bel, ba a juya karanshaf ko kamshaf yadda aka ga dama, saboda bawul da fistin za su iya haɗuwa ko da hannu ne. Idan sabon bel yana da kibiya, ta fuskanci inda inji yake juyawa. Da hannu ake zura shi, ba a ɗana shi da sukundireba. Sabuwar tenshina tana zuwa da ɗan fil da ya riƙe ta a matse, sai komai ya zauna ake zare shi. Idan dole ta sa za a mayar da tsohuwa, a hankali ake matse ta, cikin mintoci, matsewar gaggawa tana lalata ta daga ciki.

Sai mataki mafi muhimmanci, wanda masu sauri suke tsallakewa: a juya karanshaf da hannu cikakken zagaye biyu aƙalla, a sake duba alamomin nan uku. Idan an ji ya cije a wani wuri, a tsaya, kada a tilasta, kada kuma a kusanci makulli. Haƙori ɗaya idan ya kauce mota za ta tashi amma ba ƙarfi, ga shan mai. Biyu ko uku kuwa bawul ne a bakin haɗari. Kusar karanshaf a mayar da ita da ma'aunin ɗauri, daidai yadda littafin injin ya ce, domin idan ta yi sako-sako fulin yana cinye ɗan ƙarfen da ke kulle shi ya ɓata bakin karanshaf. A injunan da ake ɗaure bel da hannu, wanda ya yi tsauri da yawa yana kuka kamar jiniya yana kashe boris, wanda ya yi sako kuma yana dukan murfi yana neman tsallake.

Abu biyu na ƙarshe da za ka tsaya a kansu. Murfin bel, na sama da na ƙasa, a mayar da su duka da robobinsu. Akwai masu jefar da shi wai don bel ya sha iska ko don a riƙa ganinsa. A ƙasar da ake harmatan da yashi da taɓon damina, bel marar murfi yana cin ƙasa kullum, kuma tsakuwa ɗaya da ta shiga tsakanin haƙori da fuli ta isa ta huda shi. Sannan lagireto a cika shi da ruwan sanyaya inji na gaskiya, a fitar da iska. Ruwan rijiya ko na famfo zalla yana sa tsatsa ya cinye sabon famfon da ka saya tun kafin bel ya yi rabin rayuwarsa. Idan an gama, a rubuta kwanan wata da lambar mita a manna a cikin bonet, kuma ka karɓi tsofaffin kayan ka gani da idonka.

Sauran motoci

Tunda ka tambayi ƙa'ida gaba ɗaya, farkon abin sani shi ne ba kowace mota ke da bel ba, wasu sarƙa gare su, wadda take cikin baƙin mai kuma ba ta da ranar canji, sai ta miƙe ta fara ƙara, galibi saboda jinkirin juyen mai. Accord mai silinda huɗu bel ce har 2002, daga 2003 ta koma sarƙa, amma mai silinda shida ta ci gaba da bel, haka Pilot da Odyssey da Acura MDX. Civic ta Amurka mai ƙaramin inji bel ce har 2005. Camry mai 2.4 daga 2002 sarƙa ce, Corolla mai injin 1ZZ ma haka. Injunan Toyota masu silinda shida na 3.0 da 3.3, waɗanda ke cikin Sienna har 2006 da Highlander na farko da Lexus RX300 da RX330, bel ne, kuma mil 90,000 ake ba su, kimanin kilomita 145,000, na 3.5 da ya gaje su sarƙa ne. Peugeot 406 da 206 da 307 masu fetur bel ne, irin mai lanƙwasa bawul, alhali tsohuwar 504 da aka haɗa a Kaduna sarƙa ce. Golf 3 mai silinda huɗu da ake haya da ita bel ce. Hilux da Hiace masu gas na injin 3L da 5L ana canza nasu a kilomita 100,000, masu 1KD da 2KD a 150,000. Fitilar T-BELT da ke kamawa a gaban waɗannan motocin kilomita kawai take ƙirgawa, ba ta san halin da bel yake ciki ba, kuma ana iya kashe ta ba tare da an canza komai ba, don haka rashin kamawarta a motar hannu ba ya nufin komai.

Da yake ana yawan sauya wa motoci inji a wurinmu, shekarar mota ba ta isa hujja ba, a duba injin da ke ciki. Murfin roba busasshe a gefen inji alamar bel ce, murfin ƙarfe da aka liƙe da gam alamar sarƙa ce. Wannan ma yana da togiya: wasu sababbin ƙananan injuna, kamar 1.0 EcoBoost na Ford da 1.2 PureTech na Peugeot, bel ɗinsu a cikin mai yake gudu a bayan rufaffen murfi. Waɗannan ba sa yafe baƙin man da ba nasu ba, robar tana marmashewa ta toshe rariyar famfon mai, inji ya rasa mai tun bel bai tsinke ba. Duk lambobin nan kuma na yanayi mai sauƙi ne. Littafin motarka shi ne alƙali, kuma idan ya ba da lamba biyu, ta yanayi mai tsanani ita ce tamu.

Idan ya tsinke a hanya

Inji zai mutu nan take ba tare da shure-shure ba, fitilun gaban direba su kama, sitiyari ya yi nauyi, birki ma ya yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu. Ka sa giya a furi, ka gangara gefe. Idan ka murza makulli sau ɗaya ka ji kik yana juya inji da sauri fiye da kullum, da wata murya marar nauyi kamar ba abin da yake turawa, ka saki makullin, kada ka sake. Kada a tura ta, kada a ja ta a cikin giya don ta tashi. Duk juyi ɗaya yana iya ƙara yawan bawul ɗin da suka lanƙwashe. Mota mai giyar otomatik irin yawancin Accord ɗin Amurka, ɗaukarta a kan babbar mota ya fi jan ta da igiya tafiya mai nisa, saboda giyar ba ta samun mai idan inji ba ya aiki.

A gareji kuma kada a yi saurin sauke tof, kada kuma a yi saurin yanke hukuncin sayen inji. A daidaita alamomi, a ɗora bel, a juya da hannu, sannan a auna matsin kowace silinda. Wadda bawul ɗinta ya lanƙwashe za ta nuna sifili ko kusa da shi, kuma a inji mai layi biyu irin naka wani lokaci layi ɗaya ne kawai ya taɓu, tof ɗaya za a sauke. Daga nesa ba zan iya ganin ko mai motarka na farko ya taɓa canza bel ɗin ba. Bakaniken da zai buɗe murfin shi zai ga sunan kamfanin da ke bayan bel da yanayin fuli da tenshina. Ko ma me ya gani, idan babu takarda mai kwanan wata da ta nuna an yi aikin cikin shekara biyar da suka wuce, a sayi kayan gaba ɗaya a yi shi a wannan makon, kafin nan kuma motar ta tsaya a zirga-zirgar cikin gari.